Mangwaron Gwaggo Azumi

Tahir ɗan tireda ne a unguwar Kpébié ta Parakou, irin mutanen da in alheri ya motsa musu ba sa tsayawa shawara da kowa. Da ya je Djougou gaida Gwaggo Azumi, ƙanwar mahaifinsa da idonta ya rufe, sai ya kai mata farantin sola don ta samu fanka. Mangwaron tsakar gida ya tare wa rufin rana. Mai yankan da ya kira ya ce sare rassa biyu ya isa, amma Tahir yana sauri, ya ce a aske shi gaba ɗaya a huta. Kafin azahar sai kututture tsaye tsirara.

"Tahiru, yaushe zai mayar da inuwarsa?" in ji Gwaggo.

"Damina ɗaya, Gwaggo."

Ya san ba haka ba ne. Mangwaron da aka yi wa wannan aski zai tofo, amma kafin ya yi inuwar da za a zauna sai ya ci shekara uku ko huɗu, ita kuwa Gwaggo ta haura tamanin.

Abin da bai lissafa ba shi ne ƙawayenta. A gindin bishiyar nan Mairo da Tambaya suke zama kullum suna ferar doya, suna kawo mata labarin gari, wa ya haihu, wa ya dawo daga Makka. Da inuwa ta tafi, suka gwada ɗakinta, zafin rufin kwano ya gasa su, suka koma gindin darbejiyar wata maƙwabciya can gaba, inda ƙafar Gwaggo ba ta kaiwa. Sukan leƙo dai a gaisa a tsaitsaye. Ita da fankarta suka rage.

Duk lokacin da ya buga waya sai ta tambaye shi labarin bishiyar, kamar shi ne a gidan. Abin ya riƙa cinsa, har ya fara jin nauyin kiranta.

Bayan damina ya zo. Ya tarar da 'yan tofo jajaye a kan kututturen, inuwarsu ko kaza ba za ta rufe ba. Gwaggo tana ɗaki, ciwon ƙafa ya hana ta fita, ga tabarma biyu a naɗe kusa da ita.

"Ka gan shi? Ya yi ganye?"

Tausayi ya kama shi, kunya ta rufe shi. "Ya yi, Gwaggo. Ya cika fam, kamar ba a taɓa shi ba."

Ya zaci za ta yi murna. Sai ta lalubi tabarmin nan, ta tura su ƙarƙashin gado a hankali.

"To," ta ce. "Ashe ba inuwa ce ta hana su Mairo zuwa ba."