Suwaiba, Kawo Hura

Goggo Suwaibatu ta Ruwan Godiya ba ta da kadarar da ta kai mata 'yar rediyon nan mai memori. Ba ta fi sabulun wanka girma ba, amma a cikinta muryar marigayi mijinta take, Audi mai gangar noma, wadda wani ya ɗauka da waya a gayyarsa ta ƙarshe. Kullum da hantsi sai ta kunna tana tankaɗe, shi kuma ya yi ta zuga manoma yana kiran sunayensu, har inda waƙar take yankewa kwatsam.

Ranar da ruwan sama ya daki rediyon a tsakar gida, Goggo ta yi mata abin da take yi wa jiƙaƙƙen gero: ta ɗora ta a faifai, ta ajiye bakin murhu ta sha ɗumi. Ɗumi kuwa ta sha, har ta lanƙwashe, memorin ya narke a ciki. Goggo ta ji kamar yau aka fita da gawar Audi.

'Yarta Hussaina, malamar makaranta a Ƙanƙara, ta zo da tata dabarar, ta ciro wayarta. "Ki kwantar da hankalinki, Goggo. Manhajar nan duk wata nake biya, babu waƙar da babu a ciki." Suka yi ta lalube. Goggo ta saki baki tana jin makaɗan ƙasashen da ko sunansu ba ta taɓa ji ba, duk a cikin waya guda. Amma Audi babu shi.

"Ikon Allah," in ji ta. "Duniya duk ta shige abin ga, ban da mutum guda da nike nema."

Ranar kasuwa Hussaina ta kai ta Faskari wurin Mas'udu, mai tura wa mutane waƙoƙi a memori. Ya juya rediyon, ya girgiza kai. "Hajiya, wannan kam ta gama aiki. Waƙar wa ke ciki?"

Goggo ba ta faɗin sunan miji, ko yana kabari. Sai ta sunkuyar da kai, ta rera masa farkon waƙar a hankali.

Mas'udu ya kafa mata ido, sannan ya danna kwamfutarsa. Ganga ta tashi daga lasifika, muryar Audi ta cika rumfar, har mai dakon buhu ya tsaya da kayansa a ka.

"In dai damina ta kama, duk memorin da aka kawo mani sai an ce in sa wannan," in ji Mas'udu. "Daga Sabuwa har Pauwa da ita ake noma. Mu dai ba mu san mai ita ba."

Goggo ta dafa benci. Ita da take ɓoye shi a ƙarƙashin matashin kai, ashe kullum yana gonakin mutane yana aikinsa.

Waƙar ta iso inda ta saba yankewa, amma ba ta yanke ba. Gangar ta lafa, aka ji haki, sai Audi ya ce da muryarsa ta gida, "Suwaiba, kawo hura, mun gaji."

"Nan ake aje hauya a huta," in ji Mas'udu yana murmushi. "Duk gona sai ki ji an amsa, Suwaiba kawo hura. Har gardama ake ko wace ce."

Hussaina ta buɗe baki za ta yi magana, Goggo ta riƙe mata hannu. Hawaye yana bin kumatunta, ta matsa kusa da lasifikar.

"Ɗan nan, maido shi baya kaɗan," in ji ta. "Ran nan ina can bakin rijiya, ban ji kiran ba."