Katin 'Yar Sabon Wuse

Sailuba ta miƙa wayar a karo na uku, likitan da ke cikin bidiyon yana ta zuba bayani, amma Hajjo ko ɗaga ido ba ta yi ba. Tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofar ɗakinta, faifai a cinya, tana tsince wake ɗaya-ɗaya kamar kwangilarsa aka ba ta.

"Yaya, ki duba mana. Minti biyu ne fa."

Hajjo ta juya wajen ƙanenta, Kawu Ummaru, wanda ke gefe a kan benci yana shan koko. "Ummaru, gaya wa 'yar Sabon Wuse ta kashe abin nan. Yana firgita mini kaji."

Kawu Ummaru ya lashe ludayi, ya dubi Sailuba wadda ke tsaye bai fi taku biyu daga inda yake ba. "Kin dai ji."

"Na ji, Kawu. Ai ba kurma ba ce ni."

Haka ake magana a wannan gida na unguwar Hashimi tun fil azal. Sailuba 'yar farin Hajjo ce, Hajjo kuwa irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa kama sunanta ba. Ana yaye ta aka kai ta wurin kakarta ta wajen uba a Sabon Wuse, can ta girma, shi ya sa har yau 'yar Sabon Wuse ce. Ita ma ba ta ce mata Inna kamar sauran ƙannenta, sai Yaya, yadda ta ji Kawu yana faɗa. In ƙanen Sailuba, Siddiq, ya bugo waya daga Kaduna, za ka ji dariyar Hajjo har waje, tana jan sunansa kamar alewa. Wadda ke wanke mata ƙafa kuwa, tana auna mata suga kowace safiya kafin ta ruga tasha neman motar Abuja, ita sai ta bakin Kawu ake yi mata magana. Sailuba ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma abin yana yi mata ciwo.

Daminar bara ce ta dawo da ita gidan. Ciwon huhu ya kwantar da Hajjo kwana tara a asibiti, da robar iska a hanci. Ranar sallama likita ya ce mace ta haura sittin, ga suga, bai kamata wata daminar ta same ta ba a yi mata allurar rigakafin ciwon ba. Aka rubuta sunanta, aka yi ta jira. Sai ranar Litinin Sista Comfort, nas ɗin ƙaramin asibitin da ake duba Hajjo, ta bugo ta ce allurar ta iso, 'yan kaɗan ne, ta ajiye wa Mama guda a firji har ƙarfe biyu na ranar Alhamis. In ba su zo ba, sai na gaba a layi. To, yau ce Alhamis. Sailuba ta roƙi hutun kwana ɗaya a ofis da ƙyar, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas tun makon jiya, ga agogo ya ce sha ɗaya da rabi.

"Ummaru," in ji Hajjo, tana fifita waken, "rigakafi ba na yara ba ne? Ni da furfurata in je in shiga layin masu goyo, in buɗe damtse 'yan jarirai suna kallona? Wanda ya ci zamaninsa ai sai ya jira kira. Allah da ya tashe ni bara bai yi shawara da allura ba."

"Gaskiya ne," in ji Kawu. "Ni ma nan, shekara talatin ina tuƙi tsakanin nan da Kaduna, ba wanda ya taɓa tsira mini ƙarfe."

"Kawu, kai da za ka taya ni?"

"Ni ɗan aike ne, 'yar nan. Ɗan aike ba ya da ɓangare." Ya miƙa kwanon. "Da sauran kokon?"

Kwana uku ke nan Sailuba tana fama. Ta kawo takardar asibiti ta karanta, ta kawo fatawar malamai a waya, ta sa Siddiq ya yi magana, Hajjo ta ce masa "to, to, ɗan albarka," tana ajiye wayar ta ci gaba da harkarta. Sailuba ta karɓi kwanon daga hannun Kawu da ɗan ƙarfi, ta wuce bakin famfo.

Ruwan yana zuwa siriri. Ta durƙusa tana cuɗa kwano ɗaya har ya fara ƙara, hawaye na ɗiga a kan kumfa. Ba fushi kaɗai ba ne, tsoro ne. Ita ce ta kwana tara a kan tabarma a ƙarƙashin gadon nan, ita ta san yadda numfashin mutum yake in yana neman tsinkewa. Daga inda take tana hango ƙwayar maganin suga da ta ajiye a kan murfin kwano kusa da ƙafar Hajjo tun ɗazu. Da ta miƙa mata, cewa aka yi, "Ummaru, a ajiye nan." Yanzu da ta ba da baya, sai ga hannun tsohuwar ya lallaɓo, ya ɗauka, ya kai baki, ya bi da ruwa.

Sailuba ta tsaya da cuɗar. Wata goma tana ganin wannan kullum, ba ta taɓa karanta shi ba sai yau. Matar da ba ta iya karɓar ƙwayar magani daga tafin hannunta, ita take so ta dube ta ido cikin ido ta ce, na ji, kin fi ni gaskiya? Ashe kwana ukun nan ƙofar da aka toshe tun kafin ta yi wayo take ta bugawa.

Ta ɗauraye fuska, ta goge da gefen ɗankwali. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta dasa a gaban Kawu Ummaru, ta ba uwarta baya sosai.

"Kawu, ina da saƙo. Za ka kai mini?"

Kawu ya gyara hula. "In ba mai nauyi ba ne."

"Ka gaya wa yayarka ba layin masu goyo ba ne. Ɗaki ne da labule, mace ce za ta yi, ba mai ganin damtsen kowa." Ta ƙara matso da kujerar. "Ka gaya mata na san rai na Allah ne, ban ce allura tana ƙara kwana ba. Amma bara, a asibiti, ni na riƙa ƙirga numfashinta. In ya yi jinkiri sai nawa ya tsaya. Ba zan iya sake wannan ba, Kawu, wallahi tsoro nake ji."

Ƙarar wake a kan faifai ta ragu.

"Ka kuma gaya mata a Sabon Wuse na girma, daga can aka kai ni ɗakin miji. Ban taɓa zama da ita ba sai da ciwo ya haɗa mu. Wata goma ke nan kacal. Su Siddiq sun samu shekarunsu, sun ƙoshi. Ni ban ƙoshi ba. In ba za ta yi don likita ba, ta yi don ni."

Kawu Ummaru, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba ko a gaban 'yan sandan hanya, ya kau da kai gefe. Ya ciro hankici ya fyace hancin da ba komai a cikinsa. Da ƙyar ya ce, "Yaya, kin dai ji."

Wata kaza ta zo ta saci wake biyu a gefen faifai, ba wanda ya kore ta. Sailuba ba ta waiwaya ba, ko da yake wuyanta har ƙaiƙayi yake yi.

"Ummaru."

"Na'am, Yaya."

"Ka tambayi mutanen gidan nan, da wannan zanen tsakar gidan ake so in fita, ko za a bari in sake?"

Ta dafa bango ta miƙe, ta shige ɗaki. Sailuba ta kife fuska a cinya. Kawu kuwa har ya kai zaure yana ƙwala wa mai keke napep kira, kamar dama shi ya shirya komai.

Sai dai Hajjo ta daɗe. Ana jin ƙarar murfin akwatin ƙarfe, ana jin ana sauke kwalla ana mayarwa. Ƙarfe ɗaya ta wuce, da kwata ta wuce. Sailuba ta kai bakin labule sau biyu tana dawowa, don ta san in ta ce a yi sauri an fasa ke nan. Da tsohuwar ta fito, cikin atamfarta ta zuwa suna da farin mayafi, hannunta na dama a dunƙule yake a ƙirji ƙarƙashin mayafin.

Hanyar kasuwa ta cushe kamar kullum: 'yan acaɓa, masu baro, wata motar doya da ta mutu a tsakiyar titi. Kawu ya zauna kusa da direba yana koya masa sana'arsa, "Ka shiga nan, ka yanke ta bayan masu katako, kai wa ya ba ka lasin?" Ko ba komai, yankewar ta yi rana. Biyu saura minti goma suka tsaya a ƙofar asibitin.

"Ah, Mama don come! Mama ta iso!" in ji Sista Comfort, tana tafa hannu. Doguwar mace ce mai fara'a, Hausarta ta kasuwa ce amma tana kai saƙo. "Sannu Mama, sannu. Na ce yau ko za ki ba ni kunya. Shigo ciki."

Ta ja labule, Kawu ya tsaya a waje. Hajjo ta zauna a kan kujera, sannan ta fito da hannun nan da ta ɓoye. Ƙullin tsohon adiko ne. Ta kwance, ga leda, ta kwance ledar, ga wani kati da ya yi ja don tsufa, an ninke shi gida biyu, wurin ninkin ya kusa rabewa. Ta ɗora a kan tebur.

"Ga katin. Na san halinku, ba kwa yi wa mutum in bai zo da kati ba. An taɓa mayar da ni gida a kansa."

Sista Comfort ta ɗauka tana dariya. "Mama, ba wannan ba, sabo zan ba ki. Wannan ai na bebi ne." Ta kawo shi kusa da ido. "Sailuba Tanimu. Ah ah! Anti, naki ne fa! Dubi, alif ɗari tara da tamanin da huɗu. Ta tarin fuka, ta shan inna, ta ƙyanda, duka an cika. Ko ɗaya ba a tsallake ba."

Sailuba ta matso. Ga sunanta da shuɗin biro da ya koɗe, ga ranaku a jere, kowace da sa hannun wata nas da wataƙila ta daɗe a ƙasa. Ba ta taɓa sanin akwai wannan takarda a duniya ba. Ita a saninta, tabon da ke damtsenta aikin kakarta ne, kamar komai na yarintarta.

Hajjo ba ta dube ta ba. Sista Comfort ta fuskanta, tana naɗe hannun rigarta da kanta. "Kakarta ba ta yarda da allura ba, a lokacin muna gida ɗaya. Kuma wace uwa ce za a gani tana rawar jiki a kan 'yar fari? Sai in ce zan kai niƙa. In ɗora ƙwaryar dawa a ka, in goya ta, in biya asibiti. Sau biyar ina kai niƙa. Shekarar ƙyanda ta kwashe yara uku a layinmu." Ta miƙa damtsen. "Yi abin da za ki yi, 'yar nan, kada hannuna ya gaji."

Kafin Sailuba ta gama share ido har an gama.

"Shi ke nan?" in ji Hajjo, tana leƙen audugar. "A kan wannan aka hana ni tsince wakena kwana uku?"

Daga bayan labule Kawu Ummaru ya yi gyaran murya. "Sista, in wata ta sake zuwa, a rubuta Ummaru direba. Ba wai tsoro na ji ba. Kada dai a ce mace ta riga ni."

Sista Comfort ta ɗauko sabon kati fari ta fara cikewa. "Mama, saura abu ɗaya. Sunan mai kula da ke, wanda za mu kira in da wani abu."

Sailuba ta buɗe baki za ta amsa, don ta raba uwarta da nauyin. Amma Hajjo ta riga ta. Ta sa ɗan yatsa a kan tsohon katin, daidai kan sunan, ta tura shi gaban nas ɗin.

"Kwafa daga nan."

Da aka gama ta haɗa katunan biyu, sabon a cikin tsohon, ta mayar leda, ta ƙulle adikonta tam. A waje iska ta fara kaɗawa da ƙamshin ruwa, masu talla suna ta rufe kaya. Matakalar asibitin uku ce, kuma Kawu ya miƙo hannu zai taimaka. Hajjo ta wuce hannun nasa kamar ba ta gani ba, ta kama wuyan hannun Sailuba ta riƙe gam.

"Ummaru," ta ce, tana kallon titi, "gaya wa 'yar Sabon Wuse ta rage sauri. Ba inda za ni."