Tsaga a Gindin Bindiga

Da gindin bindigar ya buge ta, ba harbinta ya yi ba, kuma daga baya har aka sami masu cewa wannan ma abin godiya ne.

Larai na durƙushe tana share ƙarƙashin gado a gidansu na haya a Greensboro, sai mijinta Surajo ya shigo ya tarar an gusar da bindigar daga inda ya jingine ta. Bai tsaya tambaya ba. Ya kama ta ta wajen ƙarfen, ya ɗaga sama, ya sauke mata katakon a kafaɗa. Ta ji ƙas sau biyu, ɗaya a ƙashinta, ɗaya a katako. Ta kife, bakinta ya daki ƙafar gado, jini ya cika shi. Surajo ya zube a gwiwa, amma gaban bindigar.

"Kin ga abin da kika jawo ko? Ta tsage!"

Bara, a 1982, ya sayo ta wurin gwanjon kayan wani mamaci a Pleasant Garden. Tsohuwar bindigar harbin tsuntsu ce ƙirar Italiya, baki biyu ɗaya bisa ɗaya, an zana mata fakara da ganye a jikin ƙarfe. Mutumin da ya zo karatun digiri na uku kan noma sai ga shi ya koma ɗalibin bindiga. Ya rantse dukiya ya tsinta, da zarar ya san tarihinta da darajarta zai sayar. Larai ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Tun shigowar bindigar gidan, duk faɗan da za a yi sai ya ɗauko ta ya ɗora bisa cinya. Don haka ita ta riƙa zuwa laburare a madadinsa, tana kwafo ƙananan tamburan da ke ƙarƙashin bakin, tana gwada su da na littattafai, har ta gano garin da aka ƙera ta, Gardone, da shekarar. Ba ƙaunar ilimi ba ce, so take abin nan ya bar mata gida kafin ya kashe ta.

* * *

A asibiti ta ce daga matakala ta faɗo. Da sati ya zagayo Surajo ya sa ta a mota, hannunta rataye a wuya, suka nufi Summerfield wurin wani tsohon Bature mai gyaran bindigogi, Mista Coble. Ita ta san tamburan, dole a je da ita.

Tsohon ya buɗe bindigar daga gaɓarta, ya leƙa cikin bakunan ta hasken taga, ya yaba. Aikin hannu ne, in ji shi, kuma shekarar da matar ta faɗa daidai ce. Akwai mai tara irinsu a Sedgefield da zai saya yau ɗin nan. Larai ta ɗago kai da sauri. Sai yatsansa ya kai kan tsagar, ya tsaya.

"Wannan sabuwa ce. Me ta doka?"

"Faɗuwa ta yi," in ji Surajo.

Mista Coble ya dubi hannun Larai, ya dubi leɓenta mai ɗinki. Wallahi ya gane, ta ga ganewar a idonsa. Ya mayar da kai kan katakon.

"Kaico. Da wannan tsagar rabin daraja ta tafi. Mai sayen nan ba zai karɓa ba."

A hanya Surajo yana tuƙi da hagu, ya kai mata naushi da dama, daidai kan karayar. Ihun da ta yi ya sa motar ta kauce, suka kusa hawa shingen wata gonar dawakai.

* * *

Ranar Lahadi ta kira Anti Daso, matar Alhaji Ubale, dattijon Hausawan garin, ta faɗa mata komai. Ita da Alhajin suka zo bayan la'asar. Anti Daso ta ja ta kicin.

"'Yar nan, kada ki soma kiran folis. Su ƙwace masa biza, su kore shi, a ce a gida ke kika kashe masa karatu? Saura masa samista biyu fa. Ki daure."

"Anti, kashe ni zai yi."

"Kul! Bakinki ya sari ɗanyen kashi."

A falo kuwa nasihar Alhaji ba ta ɗauki tsawon shan shayi ba. Daga nan ya ce a ɗauko masa bindigar da ake magana ya gani. Ya juya ta, ya shafa tsagar, ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya.

"Kash, Malam Surajo, an yi asara. Kada ka yar da ita a banza. Ka sami gam mai kyau ka liƙe, ka ajiye abarka, irin waɗannan ƙara tsada suke."

Larai na tsaye da tire a hannu ɗaya. Nan ta san bindigar ta zauna ke nan, kuma tsoro ya kama ta.

Baƙi na fita Surajo ya share teburin cin abinci, ya shimfiɗa jarida, ya ɗura gam cikin tsagar, ya naɗe ta tam da roba. Amma bindigar ta ƙi tsayuwa, sai mirginawa take.

"Zo ki riƙe min can," ya ce, muryarsa a tausashe.

Hannu ɗaya bai iya nauyin ƙarfen ba. Ya matso da ita da kansa, ya tokare bakunan biyu a cikinta, sanyinsu ya ratsa rigarta. Ya koma ɗaya ɓangaren ya sunkuya, yana share gam ɗin da ya tsatso da gefen yatsa, a hankali.

"Kada ki motsa," ya ce, "sai ya bushe."