Bulalar Teku

Da Sagiru ya san abin da zai biyo baya, da ya daure wa ciwon bayan nan, bai je wurin Kabo wanzami ba.

Shekaru ya yi a bakin teku a Legas yana jan koma tare da masunta, ya dawo garinsu Gafasa da buri guda: ya auri Naja'atu, 'yar Malam Sa'idu. An kai kayan na-gani-ina-so, an karɓa da shi albarka, saura sa rana kawai. Sai huɗar damina ta riƙe masa ƙugu, aka ce ya je a yi masa ƙaho.

Yana tuɓe riga, Kabo ya tsaya cak da aska a hannu. Tun daga kafaɗa har ƙugu, wasu dogayen layuka ne baƙaƙe, sun hau kan juna, sun gicciye.

"Ikon Allah," in ji Kabo. "Wannan baya ya ga duniya."

Bai ƙara komai ba. Amma kafin kasuwa ta ci, maganar ta kai Ajingi ta dawo da ƙafafu: ai bulala ce, irin wadda ake yi wa ɓarawo in an kama shi a Kudu.

Malam Sa'idu ya aika wa Sagiru ya zo. Sagiru ya durƙusa a zaure, ya tarar da shi tare da ƙanensa, Kawu Hadi, mutumin da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa.

"Ɗan nan, ka ji abin da ake faɗa. Me ya same ka?" in ji Malam Sa'idu.

"Baba, wata halitta ce ta teku, can ana ce mata jelifish. Mun ɗaga koma, ni ba riga, sai tarinsu ya zubo min a baya."

"Kifi ne?"

"A'a, Baba. Kamar a ƙulla ruwa a leda a saki a kogi. Kana hango bayanta ta cikinta. Ba ta da ƙashi, ba jini, ba zuciya, ba kai."

Kawu Hadi ya gyara zama. "Ba kai? To da me ta gane ka har ta zane ka?"

"Ba ta gane kowa, Kawu. Zaruruwa gare ta dogaye. A jikin kowane zare akwai 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowacce da allurar dafi a naɗe a cikinta. Fata na taɓawa sai su harbo gaba ɗaya. Ko ta mutu, zaren yana harbi."

"Mushe yana harbi. Madalla. Bakinta fa, ko shi ma a gida ta baro shi?"

"Ƙofa ɗaya gare ta. Nan take ci, nan take fitarwa."

Kawu Hadi ya yi dariya har hularsa ta karkace. Gaskiya Sagiru yake faɗa, amma duk kalmar da ta fito sai ya ji ta fi ta baya kama da tatsuniya. Ya ciro waya ya nuna hoton abin yana lilo a cikin ruwa kamar lema.

"Waya?" in ji Kawu Hadi. "Wadda rannan aka nuna min akuya tana tuƙa babur?"

"To a kawo Alƙur'ani in dafa," in ji Sagiru.

Malam Sa'idu ya ɗaga hannu, zauren ya yi tsit.

"Ba na rantsar da suruki. Ranar da na sa ka dafa, kunya ta ƙare tsakaninmu, kuma gari zai ce sai da aka rantsar da kai. In ban sa ba, bakinsu ba zai mutu ba. Ni ban ce ka yi sata ba, ɗan nan, Allah ne shaida. Amma jikokina a garin nan za su yi wasa, kuma yara ba sa manta sunan da aka laƙaba wa uba."

Sagiru ya tashi ya fito daga zauren. Duk da haka yana da sauran abu guda da yake riƙe da shi. Bayan la'asar ya aika aka kira Naja'atu. Ta fito ta tsaya jikin darbejiyar ƙofar gida, idanunta sun kumbura, tana murza bakin hijabi.

"Yaya Sagiru, na ji komai ta bayan labule."

"Kar ki damu da su. Ni in dai ke kina tare da ni, zan bi Baba da dattawa har ya sauko, ko shekara nawa ne."

"Na yi faɗa da Baiwa a bakin rijiya saboda kai. Ƙawata ce tun muna ƙanana, amma na ce kar ta ƙara yi min magana."

Zuciyarsa ta yi sanyi. Ya tuna yadda yake zama a kan yashi bayan an gama ja, gishiri yana cin raunin bayansa, yana kiran sunanta a ransa har zafin ya lafa. Ya buɗe baki zai gaya mata.

Sai ta ɗago, ta sassauta murya kamar mai tsoron bishiyar ta ji.

"Amma Yaya Sagiru, ni kaɗai, ba zan faɗa wa kowa ba. Tsakaninka da Allah, halittar nan akwai ta?"

Ya kalle ta. Ba mugunta a fuskarta, so ne zalla, da roƙo. Da a ce Kawu Hadi ne ya sake yin dariya, da ya fi masa sauƙi.

"Akwai ta," ya ce.

"To na yarda. Wallahi na yarda."

"Na sani. Ki shiga gida, hadari ya taso."

Bai tura dattawan ba. Da matan gidan Malam Sa'idu suka mayar da kayan, mahaifiyarsa ce ta karɓa, domin shi tuni ya hau motar Wudil, ya bar garin. Naja'atu da kanta ta ninke atamfofin, ta hana kowa taɓawa, tana ninkewa tana warwarewa, wai gefen bai daidaita ba.