Wa Zai Yi Girki a Faransa?

Akwai wani mugun hali da ya yi yawa a cikinmu, har an ɗinka masa riga mai kyau ana ce masa zumunci: a ɗauki tsohuwa a tafi hutu da ita, a ce an karrama ta, alhali kuku aka ɗauka. Na gan shi da idona a gidan da muke katanga ɗaya shekara talatin da huɗu, a nan bayan garin Assen. Zan faɗe shi yadda ya faru, har da nawa laifin.

Ranar da maƙwabciyata Gesina ta cika shekara saba'in da huɗu ne, cikin Afrilu. An jera kujeru da'ira a falonta, kowa da kofi a hannu da yankan kek a cinya. Ba a ma gama yi wa juna barka ba, ɗanta Wessel ya zaro takardu daga jaka ya baje a kan tebur.

"An samu gida," in ji shi. "Tsohon gidan gona ne na dutse, can kudancin Faransa. Gado goma. Mako huɗu cur, daga tsakiyar Yuli."

Ƙanwarsa Hilke ta kwashe da dariya. "Mako huɗu? Kai da ko ƙwai ka dafa sai an kira 'yan kwana-kwana? Wa zai ciyar da baki goma?"

"Mu mana. Ai daɗin abin ke nan. Babu gidan abinci kusa, kanti ma sai an yi minti ashirin a mota. Na tsara komai."

Ya miƙa takardar tana zagayawa hannu zuwa hannu har ta iso gare ni. Ban yi zurfi a karatu ba, amma na iya karanta suna. Litinin Wessel, Talata matarsa Marloes, Laraba Hilke, Alhamis mijinta, haka har ƙasa. Ƙarƙashin kowane suna kuma, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta: Kaka za ta taimaka. Rana ashirin da takwas, Kaka ashirin da takwas. A gefe kuma ga ranakun hawan keke da tuƙa kwale-kwale da zuwa kasuwar ƙauye, na manya huɗu. Yara biyar, su ma sunan Kaka ne a kansu.

Gesina ba ta iya ganin ƙananan baƙaƙen ba. Idonta na dama ya daɗe da dushewa. Na hagu ne ya rage mata, shi ma jijiyar bayansa na yoyon ruwa, sai da allura ake riƙe shi, kowane mako shida.

"Wessel," ta ce a hankali, "allurata ta faɗo ashirin da huɗu ga Yuli. Likita ta ce ita ba a tsallake ta."

Marloes ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi takardarsa.

"Ko in zauna ni, ku je ku more," in ji Gesina.

"Haba, Mama! Hutun iyali babu ke? Don ke fa aka nemi ɗakin ƙasa, kusa da kicin, kada ki sha wahalar bene. Bar mini maganar asibiti."

Ta yi murmushi, ta ji daɗi ana son ta. Ni kuwa na ajiye kek ɗina a gefe.

* * *

Tun rasuwar mijinta, Wessel ne ke riƙe da kalmar sirrin shafinta na asibiti, don ita da kwamfuta ba sa ga-maciji. Wasiƙun takarda kuwa ni ke karanta mata, da safe in mun zauna shan kofi. Shi ya sa na san abin da ya shigo gidan nan da abin da bai shigo ba.

Ana gobe tafiya, da rana tsaka, na same ta a kicin tana naɗe babbar tukunyarta ta ƙarfe da tawul. A ƙofa ga buhun dankali, ga dunƙulen cuku, ga kofi ƙunshi shida, kamar Faransawa ba su san abinci ba.

"Ya maganar allura?" na tambaye ta.

"Au, ban gaya miki ba? Asibiti sun ɗaga ta, sai tsakiyar Satumba. Wai likitoci duk sun tafi hutu. Kin ga Allah Ya daidaita."

"Wa ya ce?"

"Wessel."

"Wasiƙa ta zo?"

"Ke dai, Rika, da bin diddigi. Riƙe mini murfin nan."

Na riƙe murfin, na ajiye, na fita. Wessel na bayan mota yana ɗaure kekuna. Yaron nan ni na share masa majina, tun yana ƙarami Gwaggo yake ce mini.

"Wessel, asibiti ne suka ɗaga, ko ɗaga musu aka yi?"

Bai juyo ba. Ya ƙara jan igiya. "Ranar Yuli babu ita, Gwaggo. An ba da wata rana."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"'Yan makonni ne. Shekara biyu ana yi mata allurar nan, idon yana nan daram. Kin san wata nawa na yi ina haɗa hutun mutum huɗu masu aiki wuri huɗu, da makarantun yara? In ta zauna, komai ya rushe."

"Me zai rushe? Hutun ko girkin?"

Sai a lokacin ya juyo, kunnuwansa sun yi ja.

"Maƙwabciya," ya ce, "mabuɗi aka ba ki don shayar da furanni. Ki tsaya a kan furanni."

Na tsaya a kan furanni. Laifina ke nan. A garinmu an koya mana kada ka sa baki a sha'anin gidan wani, mun riƙe wannan har ya fi ƙarfin hankalinmu. Waya na rataye a bangon falona, lambar asibiti na rubuce a jikin kalanda. Na wuce ta sau goma a ranar ban ɗaga ba. Washegari da hantsi Gesina ta ɗaga mini hannu daga kujerar baya, tukunya a cinyarta.

* * *

A mako na uku ta kira ni. Ina jin ruwan famfo na zuba, ga ihun yara can nesa.

"Ina sauran?"

"Sun tafi kogi tun safe. Marloes ta ce ita rabonta da hutawa haka tun kafin ta haihu. Suna jin daɗi, Rika, ki ga yadda suke cin abinci."

"Ke fa?"

"Ni lafiya lau. Zafi ne dai, kicin ɗin kamar tanda. Kuma gidan nan, ban taɓa ganin gini irinsa ba. Ƙofofi duk a karkace, tagogi a lanƙwashe. Tsohon gini ne, ai dole."

Nan take na tuna da idonta.

"Tun da kuka isa suke a karkace?"

"A'a," ta ce. "Kwana huɗu ke nan." Ta kashe famfon. "Jiya na zuba ruwan zafi a gefen kofi, ya ɗan taɓa mini hannu."

"Gesina, ki gaya wa Wessel yau ɗin nan. Ya kai ki asibiti a can, ko ya sa ki a jirgin ƙasa."

"Na ɗan taɓa masa. Ya ce hasken rana ne ya yi mini yawa, ya saya mini baƙin tabarau. Saura kwana tara, kada in ɓata wa yara hutu. Bari in je, dankali na kan wuta."

Na nemi Hilke har sau uku, wayarta ba ta shiga a kwarin nan. Na bar saƙo. Sai da suka kamo hanyar gida ta ji shi.

* * *

Kwana biyu da dawowarsu, ni da Hilke muka kai ta asibiti ba tare da jiran Satumba ba. Likitar ta daɗe tana duba hoton bayan idon. Ta ce ruwa ya zama jini, jini ya bar tabo a tsakiya. Za su ci gaba da allura don a tsare gefe-gefe, amma tsakiyar ta tafi.

"Me ya sa kika soke ta Yuli?" ta tambaya. "Mun ma aika gargaɗi ta shafinki cewa tazarar ta yi yawa."

"Ai ku kuka ɗaga," in ji Gesina.

Likitar ta juya ga allonta. "Daga wajenku aka soke, ran tara ga Mayu. An rubuta dalili: tafiya hutu."

Hilke ta toshe baki da hannu. Gesina ta lallaba ta nemo jakarta a ƙasa, ta gode wa likita, muka fito.

Da yamma Wessel ya zo, ya buɗe ƙofa da mabuɗinsa. Muna zaune a kicin mu uku. Hilke ce ta tare shi.

"Tara ga Mayu! Kana kallonta tana fere dankali wata guda, ka sani!"

"Ke kuma kin ci ko ba ki ci ba? Laraba nawa kika shiga kicin? Kin ga takardar tun Afrilu, dariya kika yi."

Gaskiya ya faɗa.

"Mama," ya ce, "ban san zai kai haka ba. So na yi mu kasance tare. Wa ya san hutu nawa ya rage mana da ke?"

"Sau nawa ka zauna da ni a can?" in ji Gesina.

Ya dubi mabuɗin da ke hannunsa.

"Ina tambaya ne kawai. Ni na tuna sau ɗaya, ranar da ka zo neman gishiri." Ta buɗe tafin hannunta a kan tebur, ga tabon ƙuna bai gama warkewa ba. "Ba ni mabuɗina."

Ya daɗe yana fama da zoben kafin mabuɗin ya fita.

* * *

To, ga abin da Wessel ya biya. Mabuɗin gidan da aka haife shi a ciki, ya fita daga hannunsa. Sha'anin asibitin uwarsa ya koma hannun Hilke, ita kuwa Hilke ba ta ƙara taka gidansa ba, yaranta da nasa sai dai su haɗu a makaranta. Babbar 'yarsa ta ji labarin a bakin 'yan'uwanta, ta daina tambayarsa komai. Miyar wake da uwarsa ke aika musu duk hunturu ta ƙare, don an cire mata murhun gas, yanzu a mota ake kawo mata abinci a rufe, sau biyar a mako.

Yana zuwa duk Lahadi. Yakan danna ƙararrawa ya tsaya kamar mai kawo saƙo. Ba ta taɓa hana shi shiga ba. Sai dai in ta buɗe ƙofa, takan kawar da kai ta dubi bango, don da gefen ido kaɗai take iya gane shi. In ta dube shi sosai, ido cikin ido, ba ta ganin kowa.