Maɓalli a Gefen Makunni

Gyaran murhun gas ne sana'arsa, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar ƙazanta a jikin na'ura. Ran nan ya leƙa kicin ɗin gidansa, ya tarar matarsa ta manna maɓallan riga da gam a gefen kowane makunni.

"Gidan mai gyara guda, a shigo a ga wannan shirme?"

Ya sa wuƙa ya kankare su tas, a gaban matar ɗansu. Washegari matar tasa ta ƙone a hannu, abinci ya kama. Shi da bakinsa ya ce tsufa ne, ta bar wa yarinya girki. Tun daga nan sai zama a bakin ƙofa, hannu naɗe da tsumma.

Ana nan, Dogo maƙwabcinsa a kasuwa, mai sayar da gwanjon ƙasashen waje, ya kinkimo masa wani murhu don a wanke. A gefen makunnin an ɗiga jan farce, ya bushe ya yi tudu.

"Ashe can ma akwai ƙazamai," in ji mai gyara.

"Kai tsoho, wace ƙazanta? Duk kwantenar da na buɗe sai na gani, ko daga wace ƙasa. Wani salatif, wani ƙwayar dutsen ado. Aikin waɗanda ido ya fara gudu ne. Masu ƙerawa sun yi rubutu kamar kashin ƙuda, makunnai duk kai ɗaya. Da yatsa suke gane inda wuta ke mutuwa."

Mai gyara ya runtse ido, ya shafa tudun. Rabon da ya ga zare da allura a hannun matarsa, ya manta.

Ya rufe shago, ya koma gida, ya tsinke maɓallan rigarsa. Yana cikin manna su a gefen makunnai ta shigo tana dafa bango.

"Maigida, me kake ɓata mana kuma?"

"Abin da na cire nake mayarwa."

Ta lalubo makunnin. "Nan babbar wuta ce, mai gyara." Ta kama yatsansa ta matsar. "Nan take mutuwa."

"Tun yaushe idon?"

"Tun kafin ka kawo mana murhun nan."

Ya rasa inda zai sa fuskarsa. "Tashi mu je asibiti."

"Sai na sauke tukunya," ta ce. "Matsa mini."