Dalma a Jinin Auta

…ruwan kuma yana ɗiga, yana shiga jijiyar 'yarta Auta, ita kuwa Malama ta ƙura wa robar ƙarin ruwan ido kamar za ta kama ta da ƙarya. Maganin nan ta san shi. Kowace shekara tana zana wa 'yan aji shi a allo: ligan mai hannu shida, kowane hannu ya miƙa wa ƙarfe ilektaron biyu, ya rungume shi ta ko'ina. Yana shiga jiki riƙe da kalsiyam. Da ya ci karo da dalma sai ya saki na hannunsa, ya cafke wadda ta fi kama shi. Ba mugunta ba ce, haka take gaya musu. Ƙarfin riƙo ne kawai.

To dalmar daga ina? Likita ya tambaya, ya dubi maigida, maigida ya dubi takalminsa.

Fenti? Rabon gidan da fenti an manta. Famfo — kowa shi yake sha, me ya sa sai 'yar shekara uku? Saura gareji… Ƙanin maigida da tsofaffin baturansa, wai ajiya ce kawai, ba a nan yake fasa su ba. "Haba Malama, ke komai sai kin kai shi ɗakin gwaji?" Suka yi dariya shi da maigida, dariyar ma iri ɗaya. Auta kuwa kullum tana can, Baffa, Baffa, ta dawo hannu duk toka, ta kai baki…

Nas ta taɓa robar ta wuce. Me ya hana ta ɗago ido? Wani abu aka gaya mata?

A'a. Tsaya. Garejin — a wanke yake. Jiya da ta koma gida ɗauko wa Auta kaya, ƙasa a jiƙe, ba batir ko ɗaya, har da ƙamshin sabulu. Ƙanin maigida, mutumin da bai taɓa riƙe tsintsiya ba. Ta ce a ranta damuwa ce, ya rasa inda zai sa kansa.

Amma da safe ne ta koma. Sakamakon jini sai da yamma ya fito.

Ga ƙanin maigidan can bakin ƙofa, leda a hannu, yana murmushin mai jiran wani ya fara magana. Wa ya riƙe… wa ya saki? Ruwan yana ɗiga. Ta buɗe baki ke nan, Auta ta motsa, ta ce, "Baffa bai zo ba?"